Jarkar da Na Kwance wa Jan Ƙyalle

Ranar wata Laraba ce cikin bazara, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, Inna ta tashe ni bayan sallar asuba ta ce in cika jarkar tafiya. Za mu bar Sokodé zuwa Dapaong mu kai ƙanena Habibu yaye wurin kakarmu. Shekararsa ɗaya da rabi, Inna na da wani cikin, nononta ya ƙafe, shi kuma kwanansa biyu yana gudawa. A gidanmu na Zango kowa da aikinsa, nawa shi ne ruwa: in ja daga rijiya, in tace, in cika randuna biyu, sannan in ɗauki jakar makaranta. Jarkoki biyu ne a ɗakin ajiya, farare, iri ɗaya. Ɗaya ta ruwa, ɗaya ta kananzir ɗin fitila, wadda Baba ya ɗaura wa jan ƙyalle a hannu. Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun sati guda na kwance ƙyallen na yi wa 'yar tsanata ɗankwali. Duka biyun babu komai a ciki, ɗakin kuma kullum warin kananzir yake, har hanci ya saba. Na ɗauki wadda ta fi kusa da ƙofa, na cika, na murɗe murfi.

Inna mace ce mai tsari, kuma dokarta a hanya ɗaya ce: "Ruwan jarka na daji ne." A Bafilo akwai 'yan talla da ruwa, a Kara akwai, a Kanté akwai. Ba a buɗe jarka sai an wuce nan, domin daga Kanté titi yake shiga dajin Keran, inda a wancan zamani mota ba ta tsayawa. Ana cewa duk wanda ya sa ƙafa a ƙasa, ɓarawon namun daji za a ɗauke shi. A tashar Kanté direba ya buga jikin mota ya ce, "Mai fitsari ya yi yanzu. Daga nan sai Mango."

Rana ta take sa'ad da Habibu ya fara kuka. Inna ta jawo jarka daga ƙarƙashin kujera ta tsiyaya a kofi. Kafin ta kai bakinsa wari ya cika motar, na kuma ga maiƙo yana walƙiya a saman ruwan. Ta ɗanɗana, ta tofar ta taga, ta dube ni sau ɗaya. Ta juya tana tambayar fasinja layi-layi ko akwai mai ruwa. Kowa ya sha nasa a Kanté. Wata mata 'yar ƙabilar Moba ta ɗaga gorarta ta girgiza kai, giyar dawa ce a ciki. Inna ta roƙi direba ya tsaya ko a bakin wani rafi ne. Ya ce, "Hajiya, ko uwata ce a motar nan ba zan taka birki ba."

Na ga abin yana zuwa bi da bi. Da farko yana kuka da hawaye. Sai hawayen suka ɗauke, kukan ya rage. Sai leɓɓansa suka bushe, idanunsa suka faɗa ciki. Daga nan ya yi shiru, kansa ya langaɓe a kafaɗar Inna. Motar ma ta yi shiru, sai ƙarar inji da busassun itatuwa suna wucewa.

A kujerar baya akwai wani tsohon mahauci na Zangon Dapaong, yana barci tun Kara, da buta a tsakanin ƙafafunsa. Shirun ne ya tashe shi. Da ya ji abin da ke faruwa, ya miƙo butar ta kan mutane. "'Yata, karɓi. Na azahar na ajiye, amma ƙasa na nan, zan yi taimama." Wani ɗan kasuwa ya ce, "Baba, ruwan buta za a ba jinjiri?" Tsohon ya ce, "Na rijiyar masallaci ne, wawa. Kai me ka kawo ban da baki?"

Ruwan bai cika kofi ba, ya yi ɗumi kamar shayi. Inna ta fito da cokali ta ce mini, "Ƙirga ashirin." Cokali ɗaya, in ƙirga ashirin, cokali ɗaya. Rabin farko ya zubo ta gefen bakinsa. Can na ga maƙogwaronsa ya motsa. Haka na yi ta ƙirga har rufin kwanon Mango ya bayyana. A tasha Inna ta dama ruwa da gishiri da sukari ta ci gaba da ba shi. Sai da ya kwana uku a Dapaong kafin ya nemi abinci da kansa.

Inna ba ta doke ni ba, ba ta kuma gaya wa Baba ba. Ta dai ajiye jarkar a gabana a tsakar gidan kaka ta ce, "Shinshina. Daga yau hanci, sannan harshe, sannan murfi."

Bara 'yata ta hau jirgin sama mai araha daga Lomé da 'ya'yanta biyu. Wajen bincike aka sa ta zubar da ruwan da ta ɗauko. A cikin jirgi ruwa na sayarwa ne, kuma ba su karɓar kuɗin da ke hannunta. Ƙaramin ya daɗe yana kuka, na kusa da ita suka toshe kunnuwansu da abin jin waƙa. Motarmu akwai zafi, akwai matsi, akwai tsoron daji, amma da yaro ya yi shiru kowa sai da ya waiwayo. A can sama ban san wanda zai miƙo buta ba.