Kwamfutar Baba da ba ta mutuwa

Wautata ta fara ne da hoton kwaɗo. Ranar da na ɗora wa tsohuwar kwamfutar Baba Linux, wannan tsarin na kyauta da kowa zai iya buɗe cikinsa ya gyara, sai aka nuno mini wani ɗan akwati da hoton kwaɗo a gefensa, wai in ana so a kulle duk abin da ke ciki. Na danna don ya yi mini kyau. Na ce wa Baba ko sojojin duniya za su taru ba za su buɗe ta ba. Ya sa ni na juya baya, ya rubuta kalmar sirrinsa, wadda kwamfutar take tambaya duk lokacin da aka kunna ta daga farko.

A unguwar Hadayek muke zaune, can ƙasar Larabawa, a bene hawa na huɗu, ni da Umma da Baba da ya zo karatun digiri na uku. Komai na kwamfutar ya yi daidai sai abu ɗaya: ta ƙi mutuwa. In ka ce ta kashe kanta, allon zai yi baƙi, fankar ciki kuwa ta ɗau kuka kamar mikrobas ɗin haya ya hau gada. Ta yi zafin da na rantse wa Umma zan gasa burodi a kanta.

Na bi shawarwarin mutanen intanet ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe fayil ɗin da take karantawa wajen tashi, na ƙara wata kalma da ke tilasta mata kula da wuta. Ba ta mutu ba. Na cire na sa wata, sai madannai suka daina aiki. Na rage lokacin da take jiran shirye-shirye su rufe, na kashe waifai kafin in kashe ta. Baba yana zaune da shayinsa yana kallona, yana kirana Injiniya, yana tambaya ko sai an kira mata liman. Da na gaji, na saita ta kada ta yi barci ko an rufe murfin, muka bar ta a kunne a kan teburinsa. Khalas, shi ke nan, in ji Baba, ita ma ta zama ɗaliba.

Baba ya rasu ranar wata Talata, a asibiti, bayan kwana biyu da faɗuwarsa. Ban yi kuka ba. Na kwashe takalman masu gaisuwa na jera, na raba ruwa, na ce amin a duk inda ake cewa amin.

Ana cikin zaman makoki wani ɗalibin Baba ya zare cajar kwamfutar ya sa ta wayarsa. Ina ganin haka na tuna da kwaɗon. Batirin nan ya tsufa, bai fi ya riƙe ta tsawon sallar la'asar ba. Na fizge wayar bawan Allah na mayar da cajar, ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, na naɗe soket ɗin da salatif.

Da yamma na faɗa wa Umma. In ta mutu, ba mai buɗe ta. Umma tana ninke dardumar Baba, ba ta ɗago ba.

"Karatunsa da yake ɗauka yana ciki?"

"Yana ciki, Umma."

"To ka fito mini da muryarsa, Auta. Takardun ban damu da su ba."

Baba yakan karanta darasinsa da ƙarfi yana ɗauka, har da tarinsa da kiran Umma ta kawo shayi. Fayilolin manya ne, ba mu da inda za mu zuba su. Da safe na hau jirgin metro zuwa kasuwar Ataba na sayo babban filas na zuba fayiloli. A hanya ban yi tunanin komai ba sai soket.

Na dawo bayan azahar, tana nan tana hurawa. Na soka filas ɗin, na zaɓi komai gaba ɗaya na ce ta kwafe, don kada in bar ko tsinke. Ban duba abin da za ta fara ɗauka ba. Na zauna ina kallon layin yana rarrafe.

Sai aka ɗauke wuta. Fankar sama ta tsaya, maƙwabta suka fara zage-zage ta taga. Na rage hasken allon har sai da na kusa sa hanci kafin in gani, na rufe duk abin da ke buɗe. Na so in tsayar da kwafin in nemo muryar kawai, ina cikin neman jakar fayil ɗin da take ciki allon ya ɗauke. Ba kuka, ba zafi, ba gardama. Tun da na san ta ba ta taɓa mutuwa da ladabi haka ba.

Da wuta ta dawo na kunna ta. Ta nuno kwaɗon. Na gwada sunan Umma, da nawa, da sunan garinmu, da lambar wayarsa. Umma ta ba ni wasu ayoyi da yake yawan karantawa, na gwada farkonsu.

Ba ta buɗe ba, har yau tana cikin akwatin Umma. A filas ɗin na sami wasannin ƙwallon da na sauke, duka cif, da rabin hotunanmu, da murya guda ɗaya gajeriya, ta ranar da yake gwada makirfo. Cewa yake: "Injiniya, yana ɗauka kuwa?" Na tura wa Umma ita a wayarta.