Lemar da Nasiru ya kwance da hannunsa

Shekara biyar ke nan cif da muka binne ƙanena Nasiru a nan Guangzhou ta ƙasar China, kuma har yau akwai ƙaryar da na yi masa ban warware ba. Ita ta sa na zauna rubutun nan.

Tela ne, a Fagge ya koyi ɗinki. Ni na jawo shi nan don ya kama mini harkar tura kaya gida ta filin jirgin Baiyun. Bai yi wata shida ba ya haɗu da wani dattijo ɗan China wajen sayen keken ɗinki, mai gyara da naɗe lemar da mutane ke dirowa da ita daga jirgin sama don nishaɗi. Dattijon ya ga yadda yake riƙe zare, ya ce ya zo ya koya. Na yi dariya har da ƙwalla. Na ce, "Kai da ko tsani ba ka iya hawa?" Ya ce, "Yaya, ai ba ni zan diro ba."

Daga bakinsa na san cewa lema biyu kowane mai dirowa ke goyawa. Ta biyun ta ko-ta-kwana ce, sai mai takardar shaida ke naɗe ta, ya ɗaure da jan zare da dalma, ya sa hannu. Kuma dole ya ƙirga kayan aikinsa kafin ya fara da bayan ya gama, domin in abu ɗaya ya maƙale a ciki, lemar ba za ta buɗe ba. Shekara biyu yana wannan koyo a wani fili can bayan gari.

Ranar jarrabawa ya gama a kan lokaci, ya ɗaure, ya ƙirga, sai ya ga babu wani ɗan ƙarfe mai kamar basilla. Ya duba tebur, ya duba ƙasa, babu. Mai jarrabawar bai ma lura ba. Nasiru ya ɗauki almakashi ya yanke zaren, ya warware komai, lokaci ya ƙare, ya faɗi. Ashe ƙarfen yana aljihun gefen kaftaninsa, inda telolin Fagge ke jefa alli da tef ba tare da sun sani ba.

Da ya dawo ɗakinmu a unguwar Dengfeng bayan la'asar, na zazzaga masa masifa. Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa ya sani. Na ce masa sakarai, shekara biyu a banza kan abin da ko cikin lemar ba ya. Ya ce, "Yaya, a lokacin ban sani ba. Ran mutum ne a ciki." Ban saurare shi ba. Na kira Inna mahaifiyarmu a waya a gabansa na ce mata sakaci ya kayar da shi. Na daina cin abinci kwano ɗaya da shi.

Mako bakwai bayan nan ciwon hanta ya kwantar da shi, kafin ya sake zama jarrabawar. Kwana uku ina gefen gadonsa, maganar magani kawai nake masa. Girman kai ya hana ni neman gafararsa har ya cika, wallahi ina jin kunyar kaina.

Yanzu ɗalibanmu 'yan gida da ke jami'a a nan ma suna zuwa dirowa, su ɗora hotunan a waya ana ta yaba jarumtarsu. Da yana nan, na san abin da zai fara tambaya: wa ya naɗe maka? Zai ji daɗi ya ga 'yan gida a sama, amma zai so ya ga ko ɗaya a bakin teburin naɗe lema. Har yau ban ji an samu ba.

Bai bar takardar shaida ba, bai bar iyali ba. Abin da ya bari shi ne abin da ya yi ran nan, ni kuma na ɓata shi a kunnen mahaifiyarsa. Inna ta tsufa, ba ta karanta jarida, kuma sau nawa na ɗaga waya don in faɗa mata gaskiya na kasa. Don Allah, duk wanda ya ga wannan a gidanmu ya karanta mata. Inna, Nasiru bai yi sakaci ba, ni ne na yi masa ƙarya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya yafe mini.