Gilashin Cikin Idon Malam Zayyad

Jawo tabarmarka nan inuwa ka zauna, in ba ka labarin Malam Zayyad na Unguwar Tudu, mutumin da har yau in na tuna shi sai na yi tsaki, ba kuma don na ƙi shi ba.

Malamin firamare ne a Gwarzo, amma da usur aka fi saninsa. Shekara goma sha ɗaya yana alƙalancin ƙwallo, ba a taɓa cewa ya karɓi na goro ba. Da aka ƙaddamar da Shari'a, kiɗa da kalankuwa suka ja baya, sai samari suka koma fili, shi kuwa ya zama wani abu a gari. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya hangen nesa sai da tabarau mai kaurin gindin kwalba, kuma a wata biyu ƙwallo ta fasa masa guda biyu.

Alhaji Maikuɗi, shugaban kwamitin gasa, ya kira shi gefe. "Malam, saura sati uku wasan ƙarshe, Kara da Mainika. Ka san halin mutanen nan. In idon bai gyaru ba, Hammadu zan ba usur."

"Hammadun da bai san satar gida ba?"

"Bai sani ba, amma dai yana ganin ƙwallon."

Ga tsadar mai, ga albashi sai an ga dama, haka ya sayar da tunkiya ya hau motar Kano. Likitan ido ya nuna masa wani ɗan gilashi mai laushi kamar ɓawon albasa, wanda ake ɗorawa kan ƙwayar ido. Ya ce iri uku ne: na shekara, na wata, da wanda ake sa wa yini guda a yar.

"Ba ni na shekara, Likita, mu huta."

"Shi da na wata kullum sai an wanke su da ruwan magani na kwalba. Za ka iya saye duk wata?"

Zayyad ya girgiza kai.

"To ɗauki na yini guda. Ranar wasa kaɗai za ka sa. Da an tashi ka cire ka yar. Kada ya taɓa ruwan randa, kada ka sa kwalli a kansa."

Na wasa biyar ya saya. Ranar da ya fara sawa, daga tsakiyar fili ya hango yagewar ragar gola, ya dawo gida yana dariya shi kaɗai. Ya ciro su ya nufi kwandon shara, sai matarsa Furera ta riƙe masa hannu. Mace ce da ko leda sai ta wanke ta shanya.

"Malam, tunkiya guda fa za ka zubar. Ina ya lalace? Nuna min."

Ya juya shi a yatsa, lafiyarsa ƙalau. "Ai ka san 'yan birni," in ji ta, "so suke ka koma ka sake saye." Ta kawo murfin kwalba ta zuba ruwan randa, suka tsoma. Sauran huɗun ta kulle a akwati, wai sai babbar rana.

Sati biyu yana sa tsohon nan, har makaranta, don daɗin gani ya kama shi. Ran Juma'a ya zizara kwallinsa kamar yadda ya saba tun yana yaro. Da ido ya fara ƙaiƙayi, Furera ta ce idon ne bai saba ba tukuna.

Ana gobe wasa ya tashi ido ja wur, ya kumbura, ko hasken taga ba ya iya kallo. Aka koma Kano. Likita ya haska, ya ajiye fitilar ya dube shi.

"Nawa ka yar?"

"Ko ɗaya."

"To wata guda ba abin da zai shiga idon nan sai magani. Ka gode wa Allah da bai tafi ba."

Hammadu ya busa wasan. Zayyad na zaune kan benci da tsohon tabarau ɗaure da zare, da ido ɗaya ya ga ɗan Kara ya yi satar gida ƙiri-ƙiri ya zura ƙwallo, Hammadu ya nuna tsakiya. Ya miƙe zai yi magana, Alhaji Maikuɗi ya ce, "Zauna, Malam, kai da ba ka gani."

Usur bai sake dawowa hannunsa ba. Sababbin nan kuwa suna akwatin Furera har ranarsu ta wuce, kuma ta ƙi yarwa.

To kai da kake girgiza kai, faɗa min tsakaninka da Allah: da a yatsanka yake, garau, ba tsaga ba datti, za ka iya jefa shi a shara?