Sunan da Kaka Ta Ƙi Faɗa

Wata Laraba a daminar 1998, ruwa na dukan kwanon ajinmu a Bunguɗu, Malam Bitrus mai koya mana kimiyya ya zana na'ura mai ƙwaƙwalwa a allo, don makarantar ba ta da ita. Ya ce, "Bayani shi ne duk abin da ya rage maka rashin sani." Kan mutum ma, in ji shi, kamar injin niƙa yake: a zuba bayani, ya sarrafa, amsa ta fito. In ba ta fito ba, inji ya lalace.

Na tako hanyar Furfuri, ƙauyenmu, da maganar a raina, saboda kakata. Tsufa ya ruɗa ta a shekarar. Takan manta an yi Azahar, takan nemi awakin da aka sayar tun ina goye. Ni da nake kwana ɗakinta, nake dama mata fura, ta daina ce mini Uwani kamar yadda duk gida ke kirana, na koma "ɗiyar nan". Na ce to, bari in zuba mata bayani na gaskiya, sunana na yanka, wanda ke cikin rajistar makaranta.

Kullum in na dawo, na ɗebo ruwa, na kai wa su Baba abinci gona, na share turken tumaki, sai in zube gabanta a gajiye, ƙafafuna duk taɓo. "Kaka, Hauwa'u nike. Ce Hauwa'u." Sai ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Gobe haka, jibi haka, har gero ya fitar da kai. Ƙawayena na can dandali suna gaɗa, ni ina nan ina maimaita suna ɗaya kamar mai bitar allo. Na gaji, na yanke cewa injin ya lalace, na shiga bayan rumbu na yi kukana.

Can Inna, mahaifiyata, ta same ni, taɓarya a hannunta. Da ta ji dalili sai ta riƙe haɓa. "Ke Uwani, mi kika so ta yi? Sunan uwar mijinta ne fa aka sa miki. Ko da hankalinta, bakinta bai taɓa kama shi ba."

Ashe amsa ce take ba ni kullum, ni ce ban iya karanta ta ba. Bayan an yi girbi Allah Ya karɓi abarSa, ba ta kira ni da ko ɗaya cikin sunayen ba.

Yanzu ina aure a Gusau, 'ya'yana na tambayar waya komai tana amsawa nan take, surukai kuma ana kiran sunansu gatsal. Nakan zauna bayan La'asar, jiki ya mutu, in yi mata addu'a. Har yau ban sani ba ko ni ta gane, ko surukarta ta tuna. Komai ya zube mata, kunya ce ta raka ta kabari.