Tulu Huɗu na Ruwan Zafi

Shekarar da ɗiyata ta fari ta dawo gida haihuwa, an yi wani irin ɗari a Kore Mairuwa wanda ko tsofaffi sai da suka yi magana a kansa. In ka sa hannu cikin randa da safe, har cikin haƙora kake jin sa. Man shanu ya daskare a ƙwarya, sai an matsa da shi kusa da murhu. Lokacin ƙasa tana hannun Faransawa, ba a daɗe da daina kwasar maza aikin tilas ba, manyan motocin kamfani kuma sun fara bin hanyarmu jefi-jefi.

Kwana biyu ta yi tana naƙuda. Mijinta yana can cin rani. Ungozoma ta yi iyakar abin da ta sani, an sha rubutu, an yi turare, ƙanwar maigida ta ce a aika garin Lugu a kira 'yan bori, maigida ya ce ba a gidansa ba. Da asubar kwana na uku na leƙa ɗakin, na ga leɓunanta sun yi fari, ƙafafu sun kumbura, ta ma daina juye-juyen da take yi. Ɗiyar fari ce, ko sunanta ban taɓa kira ba, kuma abin kunya ne a gan ni ina rawar jiki a kanta. Amma ina da ido. Na ja zane na rufe kai na fita.

Akwai wata babbar mota da ta kwana a bakin kasuwa, ɗauke da buhunan gishiri, za ta Dogon Dutsi inda likita yake. Na iske direban tsugune yana jin ɗumi, babban mutum ne mai furfura a gemu, lulluɓe da tsohuwar rigar soja.

“Ina kwana, Direba.”

“Lafiya lau, Inna. Me ya fito da ke cikin wannan ɗari?”

Na gaya masa. Bai ja magana ba, ya ce zai kai ta. Sannan ya daki ƙafar motar da tafin hannu ya ce, “Sai dai wannan tsohuwar ba ta tashi da sanyi sai rana ta gasa ta. Hantsi nake jira.”

“Ɗiyata ba za ta kai hantsi ba. A tura ta mana.”

“Cikin wannan rairayi, da wannan kaya? Ko garin duka ya taru, Inna.” Ya sosa gemu. “To, kawo mini ruwan zafi. Tulu huɗu.”

“Wanka za ka yi mata?”

“Ɗura mata zan yi.”

Ya nuna mini wani baki a hancin motar mai murfin ƙarfe. Ya ce ruwa ne a ciki yake zagaya injin don kada ya ƙone in rana ta ɗaga. Amma da ɗari wannan ruwan shi ne cutar. Ya kwana cikin ƙarfe ya yi sanyi ƙarara, ɗan ɗumin da injin ya samu duk sai ruwan ya shanye, mai kuma ya yi kauri ya ƙi gudu. In aka zubar da na sanyin aka cika da na zafi, ƙarfe zai ɗumama, mai zai saki. Na fahimta sarai. Ban taɓa cewa bai yi mini bayani ba.

A gida akwai babbar tukunya da muka ɗora tun jiya saboda wankan mai jego, tana ta tafasa. Ungozoma ta tare gabanta.

“Uwar ɗiya, kanki ɗaya? In ɗa ya faɗo yanzu da me zan wanke shi?”

“In ya faɗo ki zo ki tuhume ni. Matsa.”

Da na juye, tulu biyu ya cika da ɗan kaɗan. Shi kuwa huɗu ya ce. Na dubi randa. Tun ina yarinya ban taɓa miƙa wa kowa ruwa daga kan wuta ba sai na surka shi, haka uwata ta koya mini da mari, haka na koya wa nawa. Na raba ruwan zafin tulu huɗu, na cike kowanne da na randa, na tsoma hannu na ji daidai yake, irin wanda za ka kai wa baƙo mai daraja. Har daɗi na ji a raina, na ce ga huɗu sun samu ba tare da an jira ba.

Mu huɗu muka ɗauka, ni da matan maƙwabta. Kafin mu isa direba ya riga ya kwance wani abu a ƙarƙashi, ruwan motar ya tsiyaye cikin rairayi. Ya hau ya riƙa karɓar tulunan yana ɗurawa. A sanyin nan ko numfashin mutum tururi yake yi, don haka bai ga abin tuhuma ba. A daidai lokacin maigida da wasu maza suka iso da ɗiyata a kan gadon kara, suka ɗora ta bisa buhunan gishiri, don kowa ya ɗauka yanzu za a tashi.

Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa a gaban motar ana murɗawa. 'Yan dako biyu suka riƙa karɓa-karɓa, har ɗayan ya tuɓe riga. Motar ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ta yi shiru. Suka sake, ko tarin ba ta yi ba. Direba ya sauko ya ɗaga murfin ya ɗora tafinsa a jikin injin, ya daɗe a haka.

“Inna, ruwan nan daga kan wuta kika kawo shi?”

“Na surka.”

“Kin surka.” Bai ɗaga murya ba. “Ai ba jariri ba ce, Inna, ƙarfe ce.”

Yana faɗa ya dubi bayan motar, ya kau da kai. Ya tsuguna ya sake kwance abin nan, ina tsaye ina kallon ruwana yana shiga ƙasa.

Itace babu, mun ƙone shi kwana biyun nan. Na kama dangar gidanmu na fara fizgar kara, matan suka taya ni. Aka aro tukwane uku, aka kafa murhu nan bakin kasuwa don kada ruwa ya huce a hanya, aka ruga rijiya. Wanda bai taɓa dafa ruwa da kara ba bai san baƙin ciki ba. Wuta ta tashi fuu har ta lashi gira, kafin ka juya ta zama toka, tukunya kuwa ko kukan fari ba ta fara ba. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce mai yiwuwa iska ce ta zauna a kan motar, a yanka jan zakara. Na ce mata in tana da zakaran ta kawo kejinsa mu sa a wuta.

Ɗiyata kuwa tana can saman motar cikin sanyi. Direba ya ce a sauko da ita kusa da wuta, maigida ya ce kowace ɗagawa ƙara mata wahala take, a bar ta. Na cire mayafina na miƙa aka ƙara mata. Ban hau ba, ina wajen tukwane.

Sa'ad da ruwa ya tafasa rana ta riga ta wuce kan rumfunan kasuwa. Da tsumma direba ya riƙe tulunan yana zubawa a hankali. Murɗawa uku motar ta kama, har ƙasa tana rawa. Na haye baya na ɗora kan ɗiyata a cinyata. Sai na ga ya ɗaure buhu a fuskar motar, ya shiga ya zauna, ya zuba wa wata 'yar allura mai nuna zafin injin ido, ba ya motsi.

“Direba! Me kuma ake jira?”

“Ta yi ɗumi tukuna. In na ja ta yanzu ta mace mana cikin rairayi, wa zai dafa mana ruwa a daji?”

Gaskiya ya faɗa, amma da hannuna zai kai gare shi da na shaƙe shi. Ɗiyata ta buɗe ido ta ce, “Inna, ba mu tafi ba?” Na ce mata ta yi shiru, da irin muryar da na saba yi mata magana da ita.

Muka kama hanya, maigida a gaba kusa da direba. Motar tana ruri tana jijjiga, ko kanka ba ka ji. Na riƙe ɗiyata da hannu biyu kada ta zame tsakanin buhuna. Jikinta yana motsi, na ɗauka ita ce ke motsawa.

A Kiyeshe ya tsaya kusa da rijiya. Rana ta yi zafi, tururi na fita daga hancin motar, dole ya cire buhun ya bar ta ta sha iska. Ya kashe injin. Shirun da ya biyo baya ne ya sa na sunkuya na dubi ɗiyata. Ban san a ina ta cika ba, ko a bayan gari ko nan kusa. Hannunta da ɗumi har lokacin.

Direba ya leƙo ya gani, ya cire hularsa. Ya ce zai juya ya mayar da mu gida, ko me kamfani za su yi masa. Maigida ya ce a'a, ya tafi da gishirinsa, ƙasa duk ta Allah ce. Mutanen Kiyeshe suka yi mana sutura, aka rufe ta da abin da ke cikinta kafin azahar.

Da ƙafa muka koma. Mun yi nisa maigida ya ce, “Wai me ya hana motar nan tashi da farko?” Ashe ba wanda ya gaya masa. Na gaya masa duka, ban rage ba. Ya tsaya ya dube ni, ya ce kwananta ne ya ƙare. Daga nan ya wuce gaba, ina biye da shi, bai sake waiwayowa ba har muka shiga gari.