Direban da Ke Haddace Shafi

Ta bango na jiyo matar maƙwabcina tana faɗa.

"Haba maigida! Kai da ke zagin 'yan kwastan da Faransanci, yau shafi ɗaya ya sa ka gumi?"

"Rage murya, mutane na ji."

Direban babbar mota ne, a hanyar ƙetare ya yi furfura. Yanzu kamfani ya ce kowane direba sai ya karanta Faransanci da ƙarfi a gaban mai jarrabawa, wanda ya faɗi a karɓe makullinsa.

Da yake ni malama ce, washegari ya kawo min takardar gwaji. Lafazinsa tas, amma sai na karanta yake maimaitawa. Can na lura yatsansa na kan wani layi, bakinsa na faɗin wani. Na matsar da takardar kusa da fuskarsa, ya ƙanƙance ido. Gabana ya faɗi, don na san girman motar da yake ja.

A bakin ƙofa ya tsaya yana laluben takalminsa da ƙafa.

"Malama, don Allah kar uwar yara ta ji. Hanyar ma ai haddace ta na yi."