Damin Shekarar Fari

Ƙanena ne ya ce na ci hatsin gandu, a gaban Inna da baffanmu, kuma na'ura ya kawo ta yi masa shaida.

Ni aka cire daga aji biyu na sakandare na koma gona, shi aka bari har ya zama malamin lissafi a Ɗambatta. Da Baba ya rasu, rumbu ya dawo hannuna. Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba, sai ga shi da wata kalkuleta mai faffaɗan allo.

Ya buɗe littafin da Baba yake rubuta amfanin gona da ajami. Wata shekara dami arba'in na gero da ashirin na dawa sun ba da tiya ɗari biyar da ashirin. Wata kuma talatin da talatin sun ba da ɗari biyar da arba'in. Ya danna, sai layi biyu suka fito a allon, suna gangarowa har suka haɗu.

"Ka ga mahaɗarsu, Yaya? Damin gero tiya takwas, na dawa goma. Bana ka ɗaure talatin da ashirin, ɗari huɗu da arba'in ke nan. Kai ka ce ɗari uku. Ina sauran?"

Baffa ya ce a ba ni kwana uku, in ba bayani a karɓe rumbun.

Raina ya ɓaci, amma wallahi layukan nan sun tsaya mini. Yaya abin da bai taɓa shiga gona ba ya san cikin dami? Na ce wa ƙanen nawa ya bar mini kalkuletar. Na zauna a gindin kuka ina dannawa yadda na ga ya yi. Na rage lamba ɗaya, layi ya matsa, mahaɗar ta tashi daga inda take. Na mayar, ta dawo. Ashe abin da aka gaya mata take riƙewa, kuma an gaya mata girman dami ɗaya ne kowace shekara.

A nan kuwa gona tana jikin gona, kowa yana ƙirga damin da ya wuce ta ƙofarsa. Shekarar fari, ƙanana muke ɗaurewa don ƙirga ta cika, kada a gane gidan da ya rasa. Baba ya yi, ni ma na yi.

Rana ta uku na ciro dami ɗaya na gero, na sa aka sussuke a gabansu. Tiya biyar da ɗan saura. Inna ta sunkuyar da kai.

Na miƙa wa ƙanena kayansa, na ce, "Na'urarka ba ta yi ƙarya ba, Malam. Ita ba ta taɓa ɗaure dami ba, an yi mata uzuri. Kai fa? A gidan nan aka haife ka."